Gangunan da Muka Binne a Rijiyar Lambu

Assalamu alaikum mai kula da wannan fili, da ku masu karatu. Ina gaishe ku da azumi, Allah ya karɓi ibadunmu. Roƙona biyu ne. Na farko, kada a nemi sanin ko ni wane ne, sunayen da za ku gani duk na canza su, hukumar da nake wa aiki ma ba zan ambace ta ba. Na biyu, don Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni. Na san abin da na aikata, ina kwana da shi ina tashi da shi shekara huɗu ke nan, ba sai an tuna mini ba. Shawara nake nema, kuma lokacin da ya rage mini kaɗan ne.

Ni ma'aikacin gwamnati ne a Gashua, ina da mata ɗaya da 'ya'ya biyar. Aikina shi ne duba filaye da lambunan hukuma: ciyawar harabar ofis, filin wasa, shataletale, gidan saukar baƙi, da kuma wani lambun dashe a bakin gari inda muke renon darbejiya da mangwaro da goba muna raba wa makarantu. A da leburori goma sha huɗu ne a ƙarƙashina, da laujensu da fartanyarsu. Babbansu wani dattijo ne mutumin Dagona, zan kira shi Baba Gaji. Tun ban shiga firamare ba yake aiki a lambun nan. Shi da wasu mutum biyu suka haƙa rijiyar da ke tsakiyarsa, gaba goma sha biyu, kuma duk itacen da ya kai a zauna a inuwarsa a wurin, shi ya dasa. Ranar da aka kawo ni aiki, ina yaro da takardata, shi ya koya mini yadda ake gane dashen da gara ta shiga tun ganyen bai nuna ba. Ko sau ɗaya bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Malam.

Bayan soja sun karɓi mulki sai aka zo da maganar rage ma'aikata. Aka ce leburori sun yi yawa, a sallame su, a ba ɗan kwangila aikin gyaran filaye gaba ɗaya. Wanda ya samu kwangilar wani Alhaji ne daga Nguru, kuma yayan matata Falmata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya ba ni aurenta, Yaya nake kiransa. Daga baya na ji cewa sunana ma yana cikin waɗanda za a sallama, shi ya shiga ya fita aka goge. Ya gaya mini da bakinsa, yana dariya, ya ce, “Ina za ka kai mini ƙanwa in an kore ka? Zauna nan, kai za ka riƙa duba aikina.” To ku gaya mini, mutumin da ya yi maka haka, da wane ido za ka duba aikinsa?

Ni aka ba takardun sallama na raba. Na samu Baba Gaji yana ban ruwa, na miƙa masa, ya ce in karanta masa. Da na gama ya ajiye bokitin, ya kwance makullin lambu daga igiyar wandonsa ya ba ni. Bai yi faɗa ba. Sai da ya kai bakin ƙofa ya juyo, a gaban sauran leburori, ya ce, “Wanda bai san ƙishin itace ba aka ba lambu. Wurin nan ba zai ga alheri ba.” Kowa ya ji. Ni a lokacin na ɗauka zafin rai ne na tsoho.

Yaya Alhaji bai ɗauki mutum goma sha huɗu ba, huɗu ya ɗauka. Ya ce zamanin lauje ya wuce, yanzu feshi ake yi. Ya kawo wasu gangunan ƙarfe daga Nguru, ya ce a wani tsohon sito kusa da tashar jirgin ƙasa ya same su, an manta da su tun shekaru. Takardun jikinsu duk sun ɓare, tsatsa ta ci bakinsu, abin da ya rage a kan biyu ko uku kawai hoton ƙoƙon kan mutum ne da ƙasusuwa. Na tambaye shi wane irin magani ne, ya ce na ciyawa ne. Direbansa kuwa ya ce mini shi ya ji wasu na kashe fara ne, wasu na jan baki, tsuntsayen nan masu cinye shinkafa a fadama. Gaskiyar magana babu wanda ya sani, har shi Alhajin. Ana zubawa a injin feshi a haɗa da ruwa a bi fili. Kwana biyu ciyawa ta ƙone ƙurmus, manya suka riƙa yabo, wai ba a taɓa ganin harabar ofis fes haka ba. Ni kuwa ina zagayawa da safe ina tsintar kurciyoyi da ƙadangaru a mace, ina jefa su bayan katanga kafin kowa ya iso. Ɗaya daga cikin masu feshin, magidanci ne mai suna Modu, ya fara amai da rawar jiki, idonsa ya yi ja, yawu na zuba. Alhaji ya ce ciwon shawara ne, ya sa shi a mota aka mai da shi ƙauyensu wajen Jajimaji. Ban sake jin labarinsa ba, kuma ban tambaya ba. Duk ƙarshen wata ina rubuta cewa aiki ya yi kyau, in sa hannu.

Gangunan suna ajiye ne a wani ɗaki bayan gidan saukar baƙi. Da zafi ya tsananta sai suka fara yoyo. Wari ya cika wurin, irin wanda ke kama maƙogwaro, har mai dafa abinci ya ce kansa na ciwo kullum. Ana cikin haka aka ce masu bincike za su zo daga Maiduguri su duba duk kwangilolin da aka bayar, kuma a gidan saukar baƙin za su sauka. Alhaji ya zo ofishina da kansa, abin da bai taɓa yi ba, ya tura ƙofa ya zauna.

Ya ce, “Ƙanena, kayan nan dole su ɓace kafin Litinin.”

Na ce, “Yaya, a mai da su Nguru mana.”

Ya ce, “Da shingen soja uku a hanya? Suna yoyo? So kake a ɗaure ni?”

Na ce to a kai daji. Ya ce makiyaya za su gani, za su buɗe, magana za ta fito. Ya dube ni, ya ce, “Kai ka san filayen nan. Nemo mana wuri.”

A nan ne nake so ku gane girman laifina. Ba shi ya kawo maganar rijiya ba. Ni ne. Rijiyar lambu ta ƙafe tun lokacin babban fari, ko laima babu a ƙasanta, lambun kuma yana da shingen waya, makulli yana aljihuna. Da bakina na ce, “Akwai rijiyar Baba Gaji.” Har yau ina jin yadda maganar ta fito mini da sauƙi, kamar ina nuna wa baƙo hanyar kasuwa. Me ya sa ban yi shiru ba? Me ya sa ban ce ban san ko'ina ba? Ina jin so nake ya ga ni ma ina da amfani.

Asabar ɗin ta zo daidai da tsaftar gari ta ƙarshen wata, ranar da ba mai fita da mota da safe sai masu kwashe shara. Muka loda ganguna tara a tifa, muka rufe su da shara da busasshiyar ciyawa. Ni na zauna a gaba da katin aikina a ƙirji. A mararraba wani ɗan sanda ya ɗaga mana hannu har da cewa sannunku da aiki. Mutane na ƙofar gidajensu suna shara, wasu na kiranmu mu tsaya mu kwashe tasu. Da muka shiga lambu na kulle ƙofa, aka riƙa mirgino su ɗaya bayan ɗaya. Ta farko da ta faɗa sai da na ji ƙasa ta amsa a tafin ƙafata. Ta uku ko ta huɗu ta fashe a ciki, wari ya taso, direba ya koma gefe yana kakarin amai. Muka bi da sharar, muka bi da yashi tifa biyu, aka ɗora langa-langa a baki aka shafe da siminti. Kafin ƙarfe goma mun gama. Na koma gida na yi wanka sau biyu, Falmata ta ce rigar nan warin me take yi, na ce shara ce, na ƙone ta a bayan gida. Masu bincike suka zo suka zagaya, suka rubuta cewa kwangilarmu ce ta fi kowace tsafta.

Shekara uku ba abin da ya faru. Alhaji ya bar gyaran fili ya koma kwangilar hanya da kwalbati, ya zama babban mutum, lambu ya zama kufai. Gari kuma ya yi ta matsowa. Aka yanka filaye a gefen shingen, mutane suka yi gini, har aka naɗa musu Bulama, wato mai unguwa. Ni dai na daina bin hanyar. Na riƙa gaya wa kaina ai rijiyar busasshiya ce, ai akwai yashi a kai, ai ƙarfe ne. Wani lokaci sai in yi wata guda ban tuna ba.

Sai daminar bara, wadda duk mutumin yankin nan ya san irin ruwan da aka yi. Kogi ya cika ya tumbatsa, ruwa ya kwanta a lambu har gwiwa, ya rufe bakin rijiyar kusan wata biyu. Da ya fara janyewa ya bar kududdufi a tsakiya. Wani Bafulatani mai suna Jauro Buba ya taso da shanunsa daga wajen Jakusko zai kai kasuwa, ya ga shinge ya faɗi, ga ruwa ga inuwa, ya shayar da su. Da hantsi aka aiko ofis aka ce in zo, shanu na mutuwa a filin hukuma. Abin da na gani ba zan manta ba. Bakwai sun riga sun faɗi, cikinsu ya kumbura, kumfa na fita ta hanci, wasu na tsaye suna karkarwa kamar ana kaɗa su. Jauro yana durƙushe ya rungume kan wata farar saniya yana kiran sunanta a hankali. Na dubi ruwan, na ga wani maiƙo-maiƙo mai launi yana yawo a sama, simintin da muka shafa ya tsage ta gefe. Warin nan kuma, ko a cikin dubu zan gane shi. Malamin dabbobi ya ce guba ce, ba ciwo ba. Jama'a suka ce to wa ya zuba?

Ashe duk shekarun nan Baba Gaji bai daina zuwa lambun ba. Ba wanda ya sa shi, ba wanda yake biyansa. Yakan shiga ta inda waya ta yanke, ya duba mangwarorinsa, ya zuba musu toka a gindi saboda gara. Wata mata ta ce ta gan shi shekaranjiya da gwangwani yana barbaɗa wani abu. Wani tsohon lebura ya ce ai ranar da aka sallame shi ya yi rantsuwa wurin ba zai ga alheri ba. Kafin azahar an kamo shi. Aka kira ni caji ofis a matsayin mai kula da filin. Yana zaune a ƙasa, an cire masa hula, leɓensa ya fashe, ban san ko mutanen unguwa ba ne ko wa. Mai tambaya ya ce, “Malam, gaskiya ne ya faɗi wannan magana?”

Na ce, “Ya faɗa.”

Ya ce, “Hukuma tana da wani magani ko guba da ta ajiye a lambun?”

Baba Gaji ya ɗago kai ya dube ni. Ba kallon roƙo ba ne, kallon mai jira ne kawai. Na ce, “Babu.”

Kalma ɗaya. Da ita aka kai shi gaban alƙali, da ita aka ba shi wata shida. Tsoho mai shekara kusan saba'in. Na maimaita ta a kotu bayan na yi rantsuwa, kuma na dawo gida na ci tuwo, na yi wasa da autata. Wane irin mutum ne ke iya haka? Da ya fito ƙafafunsa sun kumbura, ba ya iya tafiya sai da sanda, 'yarsa ta zo ta tafi da shi Dagona. Jauro kuwa aka ce ya sayar da abin da ya rage ya koma kiwon shanun wasu. Ni na sa aka sake shafe bakin rijiyar da siminti, na rubuta cewa don kada yara su faɗa ne.

Da a nan abin ya tsaya, wataƙila da na ci gaba da shiru har kabarina, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma bazarar nan ruwa ya yi wuya a sabuwar unguwar. Famfo bai kai can ba, 'yan ga-ruwa ba sa son nisan, mata na tafiya har bakin kogi da azumi a bakinsu. Wata biyu da suka wuce Bulama ya zo ofishina da dattawa uku, da takarda a hannunsu. Mutumin kirki ne, mai fara'a. Ya ce, “Malam, alfarma muka zo nema. Rijiyar nan ta lambu, tsofaffi sun ce ruwanta ya fi na ko'ina daɗi a da. Bana ruwa ya dawo ƙasa. A ba mu izini mu fasa simintin mu yashe ta, mu za mu yi aikin da kanmu.”

Na ce ai ruwanta kanwa ne. Wani dattijo ya ce shi ya sha ruwanta yana saurayi, babu kanwa, in ma akwai ai za a yi wanki a ba dabbobi. Na ce ta rufta daga ciki. Bulama ya ce masu haƙa za su duba. Na ce ku tuna shanun da suka mutu a wurin. Ya ce, “Ai wanda ya zuba gubar an hukunta shi, kuma a kududdufi ya zuba, rana ta ƙone shi tuni.” Ƙaryata ce ta dawo ta tsaya a gabana. Na karɓi takardar na ce za a duba. Na ɓatar da fayil ɗin sau biyu. Sau biyu suna sake rubutowa.

Na shiga mota na tafi Nguru wurin Alhaji. Na same shi a zaure da mutane, na ce ina son ganinsa shi kaɗai, ya shigar da ni ciki. Da na gama bayani ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, “Wace rijiya?”

Na ce, “Yaya, rijiyar lambu. Gangunan nan.”

Ya ce, “Ni na yi kwangilar yankan ciyawa, na gama, an ba ni takardar yabo. Wa ke riƙe da makullin lambu? Wa ya rubuta rahoto duk wata? Wa ya rantse a kotu ya ce babu komai a wurin?” Ya matso kusa, ya sassauta murya. “Kana jin rediyo kuwa? Ka ji abin da aka ce za a yi wa duk wanda aka kama ya binne guba, tun da aka gano waccan gubar da aka jibge a kudu? Ɗaurin rai da rai ne. Direban nan ya rasu bara. Sauran ban san inda suke ba. Kai kaɗai ne, da sa hannunka. In ka buɗe baki, Falmata da yara ni zan riƙe, ba za su rasa komai ba, amma kai ba za su sake ganinka ba, kuma zan gaya mata kai ka so ka ja ni cikin abin da ka yi.” Da zan tafi ya sa aka saka mini buhun shinkafa a mota, ya ce a gaida yara, a sha ruwa lafiya. Na kawo buhun gida. Shi muke ci.

Satin da ya wuce na je Dagona. Ban san me na je nema ba, ƙafata ce kawai ta kai ni. Na samu Baba Gaji a kwance a kan tabarma ƙarƙashin rumfa, ya rame, idonsa ɗaya ya yi fari. 'Yarsa da ta gane ni ta juya ta shige ɗaki ba ta amsa sallamata ba. Shi kuwa ya ce, “Malam ne? Zauna.” Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi mangwarorinsa. Na fara kame-kame, ya katse ni.

Ya ce, “Guda nawa kuka zuba?”

Na ce, “Baba, yaya aka yi ka sani?”

Ya ce, “Ranar tsaftar nan da yamma na shiga. Na ga sawun tifa har bakin rijiya, na ga sabon siminti, na ji wari. Rijiyar da na haƙa da hannuna, a ce ban san an yi mata wani abu ba?”

Na ce, “Tara ne, Baba. Me ya sa ba ka faɗa a kotu ba?”

Ya ce, “Na faɗa wa mai tambaya tun kafin ka iso. Ya ce za a tambayi Malam, shi ne mai ilimi. Aka tambaye ka.”

Na fashe da kuka a gabansa kamar yaro, na ce ya yafe mini. Ya bar ni sai da na gama. Sannan ya ce nasa mai sauƙi ne, wata shida ne kuma sun wuce. Na gaya masa maganar Bulama. Ya yunƙura da ƙyar ya tashi zaune. Ya ce, “Wanda zai fara sauka ba zai fito ba. Ko rijiyar lafiya in ta daɗe a rufe iskarta na kashe mutum, balle wannan. Kuma jijiyar ruwan nan ba a nan ta tsaya ba, gabas ta yi, ni na ga inda take ɓulɓulowa. Akwai gidaje a gabas yanzu?” Na ce akwai. Ya koma ya kwanta. Ya ce, “Ni in na faɗa, tsohon fursuna ne mai jin haushi. Kai za a yarda da kai. Yafiyar da kake nema, je ka dawo tukuna.”

Da na dawo na bi ta lambun, karo na farko da ƙafa tun bara. Darbejiyoyin da ke kewaye da rijiyar sun bushe, ba ganye ko ɗaya, kuma darbejiya ba ta bushewa don bazara. Na bayansu sun fara rawaya ta gefe ɗaya, gefen gabas. Na leƙa ta kan shinge, na ga wani magidanci ya haƙa 'yar rijiyarsa a tsakar gida, bai fi taku arba'in daga tamu ba, matarsa na jan guga. Na tambayi mai shago a unguwar ko lafiya, ya ce lafiya lau, sai dai yara na yawan ciwon ciki, zafi ne. Wataƙila zafin ne. Ta yaya zan sani? Wa zan tambaya ba tare da ya ce me ya sa nake tambaya ba?

Na yi tunanin rubuta takarda ba suna in jefa a ofis. Amma a hannuna za ta biyo, ni za a ce in bincika, in kuma ta wuce ni, abu na farko da za a yi shi ne a fasa simintin a tura mutum ya duba. Na yi tunanin in nemi canjin wurin aiki in gudu kafin ranar. Na yi tunanin in gaya wa Falmata, ta ga na daina cin abincin kirki ko da buɗa-baki, tana ta tambaya ko wata ce a waje. In na gaya mata, tsakanin mijinta da yayan da ya raine ta wa za ta gaskata? In na je na faɗi gaskiya, na yi rantsuwar ƙarya, na sa an ɗaure mara laifi, na binne guba a filin hukuma. Babba a 'ya'yana bana zai shiga sakandare. Su wa za su zama a garin nan, 'ya'yan wanda ya sa wa unguwa guba? In kuma na yi shiru, ina zan sa fuskata ranar da aka jawo mutum da igiya?

Jiya Bulama ya dawo. Ya gaji da jirana, ya wuce wurin shugabanmu kai tsaye, an sa masa hannu. Ba da fushi ya zo ba, murna ya zo yi mini. Ya ce sun samu masu haƙa mutum biyu, 'yan'uwan juna ne, za su fasa simintin Asabar ta farko bayan Sallah. Ya ce mata har sun fara tanadin tuluna. Ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, “Malam, kai ne uban filin nan, dattawa sun ce lalle ka zo. Gugan farko in ya fito, kai za ka fara sha ka sa mana albarka.”

Na ce masa Allah ya kai mu.

Yau sha ɗaya ga azumi. Don Allah mai wannan fili, kada wasiƙata ta jira layi. Ku malamai, ku ma'aikata, ku da kuka san doka, akwai hanyar da zan hana a buɗe rijiyar nan, a kuma raba mutanen gabas da ruwan da suke sha, ba tare da na rushe gidana ba? In babu, ku gaya mini babu, kada ku lallashe ni. Wurin wa zan fara zuwa, Bulama, ko alƙalin da na yi wa ƙarya, ko matata?

Me zan yi?